Baba na kwance a gida, ni ina Legas hanya a rufe: in bi motar kwanduna ko in haƙura?

Bahaɗejen Mile 12
Asabar, 9 ga Mayu 2020, 16 ga azumi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema, don kaina ya ƙulle. Yau kwana shida rabona da barcin kirki.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Auyo, ta wajen Haɗeja. Shekarata 11 ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma ni ne babba a gidanmu. Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an gama sahur, Baba ya ɗauki buta ya zagaya zai yi alwala. Inna ta ce ƙarar butar ta fara ji, sai kuma shiru. Da ta leƙa da tocila ta tarar da shi a ƙasa, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Ya haura shekara 70, ya kuma daɗe da hawan jini, amma irin dattawan nan ne da in sun ji dama-dama sai su ajiye magani a saman katanga. Ashe tun shigowar azumi bai sha ko ƙwaya ɗaya ba.

A amalanke aka fito da shi bakin titi, daga nan aka samu a-kori-kura zuwa wani asibiti. Sun yi zaman gindin darbejiya tun hantsi har azahar kafin a samu wanda ya yarda ya matso kusa da shi. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa tsoron cutar korona yake ji, ga labarin mace-macen da ake ta yi a cikin garin Haɗeja kwanakin nan. Aka auna jininsa aka ce ya haura 200, aka rubuta magani, aka ce a koma gida a ci gaba da kula da shi. Yanzu yana kwance a rumfar tsakar gida, don ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana. Ba ya magana. Ido ne kawai, sai hannun hagu da yake damƙe duk wanda ya zauna kusa. Inna da Auta, ƙanwata, su ke jinya, ƙanina kuma yana fadama wajen shinkafar rani, in ya bar ta tsuntsu ya gama da ita. Shekaranjiya aka ce zazzaɓi ya shigo, kuma in aka ba shi ruwa sai ya sarƙe ya kama tari.

Garinmu ba sabis sai an hau tudun makarantar firamare. Auta takan hau bayan la'asar ta kira ni. Sauran yinin ina nan riƙe da waya, in ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba ma gabana ya faɗi. Jiya ina auna wa wata mata tattasai, na zuba mata ninki biyu ban sani ba, ita ta dawo min da shi.

Kun san halin da ake ciki. Tun 30 ga Maris aka kulle Legas saboda korona, an ɗan sassauta ranar 4 ga wata amma an hana fita daga jiha zuwa jiha, ga dokar hana yawo daga takwas na dare zuwa shida na safe. Kano, wadda dole ta cikinta zan bi, tana kulle tun tsakiyar Afrilu. Motocin abinci da na sauran kayan buƙatun dole kaɗai aka bari. To wani direba da muka saba, wanda ke kawo mana albasa, ya ce in na shirya ranar Talata zai koma arewa da kwanduna, zai gyara min wuri a tsakiyarsu ya rufe da tamfol, in ba shi dubu 25 saboda shingaye.

Daren jiya Baffa, ƙanin Baba, ya karɓi wayar Auta. Ya ce min: "Kai ne babba. Zumunta a ƙafa take, ba a banki ba. In wan nawa ya cika ba ka nan, da wane ido za ka kalli mutanen garin nan?" Ban iya ba shi amsa ba, sai na ce Allah ya huci zuciyarka Baffa. Amma akwai maganar da ta tsaya min a rai. A ƙarshen Maris, da na ce wa Baba zan gudo gida kafin a rufe hanya, ce min ya yi: "Zauna inda kake. Kar ka kwaso mana ciwon Ikko, garin nan duk tsofaffi ne." Maganar ƙarshe ke nan mai tsawo da muka yi da shi.

Ni lafiyata ƙalau, ba tari ba zazzaɓi. Amma kullum cikin cunkoson kasuwa nake, kuma Legas ce ta fi ko'ina masu cutar a ƙasar nan. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ma'aikacin lafiya, ko malami, ya faɗa min gaskiya. In hau motar nan? In kuma ban hau ba, me ɗa zai yi wa ubansa daga nisan da ya fi kilomita 1000 ban da tura kuɗi?


Uwar Biyu, ma'aikaciyar jinya
Asabar, 9 ga Mayu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Ringim, irin wannan shanyewar ɓarin jiki muna ganin ta kusan kowane mako. Maganar tafiya zan bar ta zuwa ƙarshe, don akwai abin da ya fi ta gaggawa a cikin bayaninka: sarƙewar nan da zazzaɓin.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa maƙogwaronsa ma ya samu rauni. Ruwa ko kunu sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan sai ciwon huhu da zazzaɓi, kuma wannan yana kashe masu wannan lalura ƙwarai. Gobe in Auta ta hau tudu ka ce mata kada a sake ba shi komai yana kwance. A tayar da shi zaune sosai, a tokare bayansa, a sunkuyar da haɓarsa kaɗan, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Abu mai kauri irin koko ko kunun gyaɗa ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya a wajensu. In ya gama a bar shi a zaune kamar rabin awa, a goge masa cikin baki ta ɓangaren da ya shanye, don abinci na maƙalewa a kumatu. Na san za a kawo rubutu, kuma ba na hana kowa neman waraka, amma kada a ɗura masa. A shafa masa a fuska da jiki. In yana cikin magagi kuwa, ko ɗigo kada a zuba masa a baki.

Sai juyi. Duk awa biyu a juya shi, dare da rana, a sa tsumma mai laushi tsakanin gwiwoyinsa da ƙarƙashin diddige. In aka bar shi gefe ɗaya a kan tabarma cikin zafin nan, kwana kaɗan gyambon kwanciya zai fito a ƙugu, kuma warkar da shi aiki ne ja. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Kada kuma wani mai kemis ya ba shi asfirin da ka, don shanyewa iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. In ta biyun ce asfirin ƙara ɓarna zai yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su.

Da zazzaɓin nan ni dai ina ganin a mayar da shi asibiti, babba, ba irin namu ba, a duba ƙirjinsa da sukarinsa. A gaya musu tun daga ƙofa cewa shanyewa ce, ga ranar da ta same shi, ga takardar maganin. Masu rakiya su sa takunkumi, hakan na kwantar wa ma'aikata hankali su matso.

Tafiya kuma, ga abin da na sani. Mutum na iya ɗauke da korona bai ji komai ba, tana iya kai kwana 14 kafin ta nuna, kuma waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga. Wato Babanka da Innarka da shi kansa Baffan. In ka iso, abin da ya dace shi ne ka killace kanka mako biyu kafin ka taɓa shi. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, za ka iya shiga gidan nan ka tsaya daga zaure?


Na Gidan Gona
Asabar, 9 ga Mayu

Malam ka hau mota ka tafi. Uba ɗaya ne, in ya tafi ba a sayo wani a kasuwa. Ni daga Fatakwal na dawo ƙauyenmu a ƙasar Gaya makonni uku da suka wuce, a bayan tirelar shanu da ta sauke kaya, kuma ga ni garau, gidanmu ma garau. Lokacin da tawa mahaifiyar ta rasu shekarun baya ina kudu, na ce sai na haɗa kuɗin mota da na tsaraba, kafin in iso an kai ta. Har gobe abin bai bar ni ba. Ba na so wani ya ɗanɗana. Ka sa takunkumi, ka yi wanka da sabulu kafin ka shiga, sauran ka bar wa Allah.


Direban Gingimari
Lahadi, 10 ga Mayu

Na Gidan Gona, Allah ya jiƙan mahaifiyarka, amma kai sa'a ka taka, kuma hanyar da ka bi makonni uku da suka wuce ba ita ce ta yau ba. Ni a kanta nake, shekaranjiya na sauke a Dawanau.

Ɗan'uwa mai tambaya, ka lissafa: Ibadan, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, ka ratsa Neja ka shiga Kaduna, Zariya, Kano, sannan Wudil, Gaya, Jahun, Kafin Hausa. Kowace iyakar jiha akwai shinge, tsakaninsu ma akwai. Tafiyar da muke yi kwana biyu yanzu tana cin uku har huɗu. Tunda aka gane ana ɓoye mutane a motocin abinci, yanzu hawa suke yi su ɗaga tamfol, wasu har da sanda suke caccaka kaya. Kaduna ta fi ko'ina tsanani. A gabana aka sauke samari daga wata mota, aka juya ta inda ta fito. Kuma ka san mene ne cikin tamfol da rana a watan Mayu, mota na tsaye a layin shinge awa uku ba iska, ga ƙishirwa? Na ga wanda aka zaro a sume.

Direban naka ba zai gaya maka ku nawa zai ɗauka ba. Ba kai kaɗai ba ne, na rantse. Za ku kai goma ko fiye, numfashin wani a fuskar wani har kwana uku. Ko ka bar Legas lafiya, ba ka san da me za ka sauka ba. Dubu 25 ɗin nan ta isa shatar mota daga ƙauyenku zuwa babban asibiti, har a samu ragowar magani. Ni ban ɗaukar kowa, yaron motata ma ɗaya na rage.


'Yar Bunkure a Jidda
Lahadi, 10 ga Mayu

Yaya, na karanta bayaninka ina kuka, don ni nawa ya riga ya faru. Ina aikin gida a Jidda. Tun tsakiyar Maris aka dakatar da jiragen waje a nan, ko Umara an tsayar, balle a yi maganar tafiya gida. Innata ta kwanta a farkon Afrilu a ƙauyenmu, kwana 12 ta yi Allah ya karɓi abarsa. Kullum in na kira sai a ce min "da sauƙi". Da sauƙi, da sauƙi, har ranar da na buɗe WhatsApp na ga ɗan ƙanwarta ya sa hotonta da addu'a a ƙasa. Haka na ji mutuwar uwata, ina tsaye a kicin ɗin mutane da soso a hannu.

Don haka abu na farko, ka zaɓi mutum ɗaya a gida ka haɗa shi da Allah ya riƙa gaya maka gaskiya. Mu Hausawa "da sauƙi" muke cewa ko mutum na gargara. Kada ka tambayi Auta "ya jiki", ka tambaye ta cokali nawa ya sha yau, ya yi fitsari, ya buɗe ido da aka kira shi, jikin da zafi ko babu.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci min rai. Ban nemi gafararta ba. Ina ta jira ta warware mu yi magana sosai. Kai naka yana ji, tunda yana damƙe hannu. Ka yi magana a waya ka tura, Auta ta sauke a tudu ta kawo masa kunne. Ka ce Baba ni ne wane, ka yafe min, ka gaya masa dalilin da ya sa ba ka zo ba, ka tuna masa shi ya ce ka zauna. Yau ka yi, kada ka ce gobe.

Kuma ka ji tausayin masu jinyar. Mu na nesa muna da wani hali, zafin rashin zuwanmu sai mu sauke shi a kan na kusa, muna ta ba da umarni a waya, me ya sa ba a yi kaza ba. Na yi wa yayata haka, ita da ke wanke Inna, har yau ina jin kunyarta. In ka tura kuɗin magani ka ware na Auta daban, ka ce na katinta ne da cajin waya da abin buɗa-baki. Ka samo wata a dangi ka biya ta ta riƙa karɓar su da dare, juyin awa biyun da Uwar Biyu ta faɗa mutum biyu ba za su iya shi su kaɗai ba.


Malamin Allo
Litinin, 11 ga Mayu

Allah ya ba shi lafiya. Ɗana, abin da Baffanka ya faɗa ciwon ɗan'uwansa ne ya sa shi, kada ka riƙe shi. Amma hukuncin a fili yake. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Sayyadina Umar ya kama hanyar Sham, ya kai Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kai ba gudu za ka yi ba, na sani, amma malamai sun ambata cewa daga hikimar hanin akwai kada a kai cutar inda ba ta.

Ka kuma tuna Nana Ruƙayya. Tana kwance ba lafiya Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita Badar, ya bar Sayyadina Usman yana jinyarta. Kafin ya dawo Madina an binne ta. Wa zai ce bai damu da 'yarsa ba?

Umarnin ƙarshe da mahaifinka ya ba ka da bakinsa shi ne ka zauna. Zaman naka biyayya ce. Goman ƙarshe na tafe, ka tashi cikin dare ka roƙa masa, ka yi sadaka da niyyarsa. Ka kira Baffan da kanka, kada ka jira ya kira, ka ce masa shi ne uba a gidan yanzu, ka roƙe shi ya jagoranci kai shi asibiti. Dattijo in aka ba shi girmansa yakan sauko.


Bahaɗejen Mile 12
Alhamis, 14 ga Mayu, 21 ga azumi

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na Gidan Gona, kai ma na gode, maganarka ce ta fi kama da abin da zuciyata ke so, kuma ranar Talata har bakin motar na je. Na tsaya ina kallo ana loda kwanduna, na ƙirga mutum tara da jakunkunansu suna jira a gefe. Na ba direban saƙon magani da zannuwan gado biyu da 'yar fanka mai caji, na juyo. Ban san na yi kuka a hanya ba sai da wani mai shayi ya ce min lafiya.

Na kira Baffa kamar yadda Malam ya ce. Da farko shiru ya yi, can ya ce to turo kuɗin. Shi ya samo mota, shi ya zauna a gaba. An kwantar da Baba tun ranar Litinin da yamma. Likita ya ce ciwon huhu ne ya shiga, kamar yadda Uwar Biyu ta yi zato, an sa masa allurai, an zura masa robar abinci ta hanci. Zazzaɓin ya sauka jiya amma ya ɗan dawo da dare. Sun ce ba za su iya cewa komai ba tukuna. Wata 'yar gwaggonmu ta zo tana karɓar Auta, Inna kuma an mayar da ita gida ta huta, ƙafafunta sun kumbura.

A asibitin akwai sabis, don haka yanzu kai tsaye nake kira. Na nemi gafararsa. Auta ta ce ya damƙe hannunta har sai da ta ji zafi. Sannan kullum bayan isha'i ina yi masa karatu, daga Amma zuwa ƙasa, surorin da shi ya biya min a allo ina yaro. Daren jiya ina cikin Izas sama'un faɗarat, na kai "innal abrara lafi na'im", sai bakina ya zarce "alal ara'iki yanzurun", wadda ta Muɗaffifina ce. Ban ma lura ba. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a wayar. Auta ta ce Yaya tsaya, Baba ne ke dukan ƙarfen gado da hannun hagu. Haka yake yi mana da carbi a kan buzu in mun ɓata. Na koma baya na ce "wa innal fujjara lafi jahim", ya daina bugawa.

Uwar Biyu, don Allah in kin ga wannan: robar hancin nan kwana nawa ake barin ta, kuma in an sallame su da ita, Auta za ta iya ba shi kunu ta ciki a gida ko sai ma'aikaci?